Wasiƙun Selborne: Yadda Limamin Ƙauye da Manyan Mutane Biyu Suka Yi Nazarin Halittu ta Hanyar Rubutu, 1767 zuwa 1787

A watan Agusta na 1767, wani limamin coci mai suna Gilbert White, mazaunin ƙauyen Selborne a lardin Hampshire da ke kudancin Ingila, ya rubuta wa Thomas Pennant wasiƙa. A wancan lokaci Pennant yana cikin waɗanda suka fi suna wajen sanin dabbobi da tsuntsayen Birtaniya, shi kuwa White ba wanda ya san da shi sai danginsa, da abokan karatunsa, da mutanen ƙauyensu. Tun a layukan farko ya koka cewa bai taɓa dacewa da maƙwabci ko ɗaya mai sha'awar nazarin halittu ba, kuma rashin abokin da zai zaburar da shi ya kaifafa masa lura shi ne ya hana shi yin nisa a ilimin da ya ƙallafa wa rai tun yana yaro. Shekarunsa 47 ke nan a duniya. Daga wannan wasiƙa aka shiga musayar rubutu ta shekara 20, da farko da Pennant, daga baya kuma da wani lauya mai suna Daines Barrington, har aka tattara wasiƙu 110 aka buga su a littafi guda. Abin da ya sa lamarin ya cancanci a tsaya a duba shi da kyau shi ne, yana nuna ƙarara aikin da wasiƙa ta yi wa ilimi a ƙarni na 18, yana kuma nuna inda ƙarfinta ya tsaya.

An haifi White a Selborne a 1720, a gidan kakansa wanda shi ne limamin ƙauyen. Ya yi karatu a kwalejin Oriel ta jami'ar Oksfod, ya zama ɗaya daga cikin malamanta a 1744, aka kuma naɗa shi cikakken limami a 1749. Limancin Selborne ɗin kansa bai taɓa zuwa hannunsa ba, domin kwalejin Magdalen ce ke da ikon naɗa mai riƙe da shi, shi kuma ɗan Oriel ne. Saboda haka yawancin rayuwarsa a matsayin na'ibi ya yi ta, shekaru da dama a ƙauyen Farringdon na kusa, sa'annan a Selborne daga 1784 har rasuwarsa. Ya fifita zama a gidan gadonsu a kan neman babban muƙami a wani gari, bai yi aure ba, bai taɓa fita ƙasar waje ba, kuma tafiya a keken doki tana sa shi jiri da amai, abin da ya ƙara ɗaure shi a gida. Ƙauyen na da nisan mil 50 daga Landan, mutanensa ba su kai 700 ba, hanyoyin shigarsa kuwa ƙafa da ruwan sama sun cinye su har sun zama kwazazzabai masu zurfi, waɗanda ke wahalar da matafiyi da hunturu.

Irin White ba su da wuyar samu a Ingila ta wancan zamani. Kaso mai yawa na waɗanda suka gama Oksfod da Kambirij aikin coci suke shiga, a rarraba su ƙauyuka, kowa da gida da abin masarufi daga ushirin amfanin gona ko daga albashin na'ibi. Suna karanta Latin, harshen da masana Turai ke rubutu da shi, kuma aikin limanci yana barin su da sauran lokaci. Ga shi kuma littattafan masana halittu John Ray da William Derham sun koya musu cewa duba halitta hanya ce ta ganin hikimar Mahalicci, don haka limamin da ya durƙusa yana kallon tana ba ya jin ya bar aikinsa. A gefe guda akwai masu gonaki da dukiyar gado, da lauyoyi da likitoci, waɗanda ke da kuɗin sayen littafi da tara kayan tarihi da buga rubutu. Wasiƙa ce ta haɗa ɓangarorin biyu. Hatta mujallar Royal Society, babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Landan, da yawa daga abin da take bugawa wasiƙu ne da aka aiko wa wani ɗan ƙungiya ya karanta a zaure. Ta haka rubutun limami Thomas Bayes kan lissafin yiwuwar aukuwa ya isa ƙungiyar a 1763, cikin wasiƙar Richard Price zuwa ga John Canton, ta haka kuma limami John Michell ya aika wa Henry Cavendish tunaninsa a 1783 kan tauraron da nauyinsa zai iya hana haske fita daga jikinsa.

Abin da kowa ke nema

Mahaɗar mutanen nan uku shagon littattafai ce. Ƙanin White, Benjamin, yana da shago a titin Fleet a Landan, ya ƙware wajen buga littattafan nazarin halittu, kuma shi ya ci gaba da buga babban littafin Pennant kan dabbobin Birtaniya, British Zoology. Pennant mai gona ne daga Downing a arewacin Wales, mai yawan tafiye-tafiye, mai rubutu da sauri, wanda ke musayar wasiƙu da Linnaeus na Suwidin, masanin da ya tsara wa halittu sunayen kimiyya. Mutum ɗaya ba zai iya zaga tsibirin duka ya ga kowane tsuntsu da idonsa ba, don haka buƙatarsa ita ce amintattun masu ba da rahoto a kowace kusurwa. White ya zama idonsa a kudu. Abin da White ke nema kuwa ba kuɗi ba ne. Yana son wanda zai yi masa tambaya, wanda zai ce masa wannan sabo ne ko an riga an san shi, wanda ke da littattafan da babu su a Selborne.

Ya kamata a tuna cewa aika wasiƙa a lokacin ba abu ne mai arha ba. Mai karɓa ne ke biya, ana kuma lissafa kuɗin bisa yawan fallen takarda da nisan hanya, shi ya sa marubuta ke cika kowace kusurwa ta takarda, su kuma nemi ɗan majalisa ya sa musu hannu a bayanta don ta tafi kyauta. Wanda zai sa babban mutum ya biya kuɗi don karanta rubutunsa dole ya tabbatar akwai abin karantawa a ciki. Wannan matsi ya yi tasiri a kan salon White: ba ya yawan zagaye, yana faɗin rana da wuri, yana rarrabe abin da ya gani da abin da aka gaya masa.

Ba takarda kaɗai ke tafiya ba. A wasiƙar farko White ya ba da labarin wani shaho da aka harbe yana cikin yagar wani hankaka da ya kaɗo. Ya iske shi an kafe shi da ƙusa a bangon rumbu, inda manoma kan rataye irin waɗannan tsuntsaye, ya ciro shi, ya auna fukafukansa, ya duba littattafansa bai gane irinsa ba, sai ya aika da shi har Wales. Da amsa ta dawo cewa ba kasafai ake samun irinsa ba, White bai ɓoye murnarsa ba.

Labarin ɓeran gonar alkama ya fi wannan daɗi. A watan Nuwamba na 1767 ya shaida wa Pennant cewa ya samu wasu 'yan ƙananan ɓeraye ja-ja masu farin ciki, waɗanda ba sa shiga gidaje, sai dai a kwaso su cikin damman hatsi, kuma ya jiƙa biyu a barasa don kada su ruɓe. An kawo masa sheƙarsu guda, wadda aka samu rataye a kan wata ciyawa mai ƙaya a gonar alkama. Dunƙulalliya ce, saƙaƙƙiya da ganyen alkama, girmanta abin da zai cika tafin hannu, kuma an rufe ƙofarta da gwaninta har ya kasa gane inda take. Ya mirgina ta a kan tebur ba ta warware ba, alhali akwai jarirai 8 a ciki, tsirara, idanunsu a rufe. Sai ya tsaya yana tambaya: ta yaya uwar ke shayar da su a wuri mai matsi haka? Ya yi hasashen cewa wataƙila takan buɗe gefe daban-daban ta shayar, ta sake toshewa, amma ya faɗe shi a matsayin zato. A wasiƙar Janairu 1768 ya ƙara da cewa ya ɗora biyu a sikeli, nauyinsu ya yi daidai da rabin kwabo na tagulla, wato giram 9 da ɗoriya. Pennant ya shigar da ɓeran a littafinsa. Sunan kimiyya kuwa Peter Simon Pallas, Bajamushen da ke aiki a Rasha, shi ya raɗa masa a 1771, don haka a rajistar masana ba sunan White ke biye da shi ba.

Haka ya yi da wasu ƙananan tsuntsaye masu launin ganye, waɗanda masana ke ɗauka iri ɗaya ne domin a hannu kusan ba su da bambanci. White ya raba su da kunne. Ƙaraminsu yana maimaita amo biyu masu kaifi, matsakaicin yana da waƙa mai daɗi mai gangarowa, babban kuma yana wani kuka mai karkarwa a ƙololuwar dogayen itatuwa. A watan Agusta na 1768 ya rubuta cewa ga ukun nan a gabansa, ya kuma lura ƙaramin baƙaƙen ƙafafu gare shi. Gaskiya ne sai da aka harbo su kafin ya jera su a tebur, kamar yadda kowa ke yi a zamanin da babu kyakkyawan madubin hangen nesa, amma sauraro ne ya fara nuna masa inda zai duba, kuma wannan abu ne da mai zaune a ɗakin ajiyar fatun tsuntsaye a birni ba zai taɓa yi ba.

Wasiƙun sun kuma zama wurin tace jita-jita. A 1768 labari ya bazu cewa wata mata a Hungerford tana warkar da ciwon daji ta hanyar ɗora kwaɗi su tsotse shi, kuma White ya ce manyan mutane da limamai masu hankali da dama sun gaskata, har ya ci abinci da wani limami da ya yarda da abin. Matar ta ce wani baƙon limami ne ya tare ta a coci ya gaya mata sirrin. White ya tambayi Pennant: in da gaske akwai mai irin wannan magani, me zai hana shi bayyana shi ga duniya, ko don neman kuɗi ko don tausayin dubban masu fama, sai ya raɗa wa mace ɗaya ya ɓace? A ganina wannan yana cikin mafi amfanin abin da irin wannan zumunci ya haifar, domin mutumin da ya san wani mai ilimi zai karanta maganarsa yakan auna ta sau biyu. Ko littafin masana bai tsira ba. Da ya samu littafin Giovanni Scopoli, likitan da ya yi nazarin tsuntsayen yankin Carniola da ke ƙasar Slovenia ta yanzu, ya yaba masa, ya ce masu tsayawa kan yanki guda sun fi ciyar da ilimi gaba a kan masu rungumar abin da ya fi ƙarfinsu, amma ya ce Scopoli ya yi kuskure da ya rubuta cewa tsattsewar gida ba ta ciyar da 'ya'yanta bayan sun bar sheƙa, domin shi ya sha ganin tana yi.

Barrington da gardamar tsattsewa

Daines Barrington ɗan babban gida ne, lauya, alƙali a Wales, kuma mai faɗa a ji a Royal Society. Mutum ne mai son sanin komai: ya yi rubutu kan tsofaffin dokoki, kan masu jin harshen Cornwall na ƙarshe, kan waƙar tsuntsaye, kan yiwuwar isa ƙuryar arewacin duniya ta jirgin ruwa. Kyauta mafi girma da ya yi wa White ita ce wani littafin rajista da shi ya tsara, mai layuka da gidaje na kowace rana: zafi da sanyi, nauyin iska, inda iska ta fito, ruwan sama, itacen da ya fara toho, furen da ya fara buɗewa, tsuntsun da ya fara bayyana ko ya ɓace. White ya riga ya saba rubuta al'amuran lambunsa tun 1751, amma daga 1768 ya koma wannan tsari, ya kuma riƙe shi shekara 25. Wasiƙarsa ta farko ga Barrington tana ɗauke da ranar 30 ga Yuni, 1769, kuma a cikinta ne ya bayyana kansa a matsayin mai nazari a fili, wanda ke ɗaukar bayaninsa daga halittar kanta ba daga rubutun wasu ba. Barrington ne kuma ya fara ba shi shawara, tun 1770, ya rubuta tarihin dabbobin yankinsu.

Ta hannun Barrington ne rubutun White ya shiga zauren Royal Society, ƙungiyar da shi kansa bai taɓa zama ɗanta ba. Tsakanin 1773 da 1774 ya rubuta dogayen wasiƙu huɗu kan irin tsattsewa huɗu: mai sheƙa a bututun hayaƙi, mai gina sheƙar laka a ƙarƙashin rufin gida, wato tsattsewar gida, mai haƙa rami a gaɓar yashi, da baƙar nan mai dogayen fukafukai da ba ta sauka ƙasa. An karanta su, an buga su a mujallar ƙungiyar a 1774 da 1775. Bayaninsa kan mai ginin laka ya isa misali. Ya ce da safe kawai take gini, ta ɗora abin da bai wuce rabin inci ba, ta bar shi ya sha iska sauran yini don kada danshi ya sa nauyinsa ya ja shi ƙasa, cikin kwana 10 zuwa 12 sheƙa ta kammala. Ya kwatanta ta da maginan katangar ƙasa, waɗanda ke ɗora sahu ɗaya su dakata ya bushe, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a kan ginin tubali a ƙasar Hausa zai gane abin da yake nufi. Game da baƙar kuwa ya ce ƙwai biyu take yi, sau ɗaya a shekara, tana barbara a sararin sama, kuma daga baya ya ƙirga ya ga kowace shekara ma'aurata 8 ne ke dawowa Selborne, ba ƙari ba ragi.

Tambayar da ta fi cin ransa ita ce: ina tsattsewa ke zuwa idan sanyi ya shigo? Tun zamanin Aristotle, masanin tsohuwar Girka, akwai masu cewa ba ta zuwa ko'ina, ɓuya take yi a ramuka ta yi dogon barci. Linnaeus da kansa ya yarda cewa tana nutsewa ƙarƙashin ruwa. Barrington yana cikin masu tsananin adawa da batun ƙaura, har ya buga doguwar maƙala a 1772 yana musun cewa ƙananan tsuntsaye na iya ƙetare teku. White ya tsinci kansa tsakanin wannan babban aboki da wani mai rubuto masa na daban, wato ƙaninsa John, limamin sojojin Birtaniya a Jibralta, a bakin mashigin da ya raba Turai da Afirka. White ne ya sa John cikin nazarin halittu, yana aika masa littattafai da tambayoyi, shi kuma yana turo fatun tsuntsaye da ƙwari ta jirgin ruwa, har ya kai ga musayar wasiƙu da Linnaeus. John ya shaida cewa makonni a jere, sau biyu a shekara, yana ganin tsattsewa ba iyaka suna ƙetare mashigin, kudu a wani lokaci, arewa a wani.

Yadda White ya isar da wannan ga Barrington darasi ne na ladabi. Ya fara da cewa ya san shi ba masoyin batun ƙaura ba ne, ya amince cewa rahotanni daga sassan ƙasar suna ba shi hujjar zaton wasu na kwana a ɓoye, sa'annan ya ce amma bai kamata a musanta ƙaura gaba ɗaya ba, tunda ɗan'uwansa yana ganinta da ido. Ya ƙara da cewa tsuntsu ba ya buƙatar ratsa babban teku, yana iya bin tudu ya ƙetare inda ruwa ya fi ƙunci. Hujja ce mai ƙarfi, amma bai bi ta har ƙarshe ba. Da aka zo kan labarin Michel Adanson, Bafaranshen da ya ce ya ga tsattsewar Turai a Senegal, White ya ce mutumin ba ya magana kamar masanin tsuntsaye, wataƙila na ƙasar ya gani.

Wasu na ganin kunyar Barrington ce ta riƙe shi, kuma lalle akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin na'ibin ƙauye ba ya fito-na-fito da mutumin da ke kai rubutunsa gaban masana. Sai dai ba a nan maganar ta tsaya ba. White yana da nasa dalilan. Ya sha ganin tsattsewar gida ta bayyana kwatsam a rana mai ɗumi cikin Nuwamba bayan an yi makonni ba a ga ko ɗaya ba, ta sake ɓacewa washegari. Ya ga 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe a makare, waɗanda bai ga yadda za su iya doguwar tafiya ba. Ya san jemage da bushiya suna barcin hunturu, ga kuma kunkurun gwaggonsa da ya gada a 1780, wanda ke binne kansa a lambu duk shekara. A watan Afrilu na 1781 har hayar mutane ya yi suka bincike kurmi da ramukan gefen tudun ƙauyen, inda ya ga tsuntsayen suna faɗawa da magariba a kakar da ta wuce. Ba su samu komai ba, kuma ya rubuta wa Barrington cewa ba su samu komai ba. Wannan riƙon gaskiya shi ne abin da na fi girmamawa a dukan lamarin. Ƙa'idar da ta sa ya yi daidai a kan ɓera da ƙananan tsuntsaye, wato kada ya tabbatar da abin da bai gani ba, ita ce ta hana shi sakin jiki a nan, domin ƙaura abu ce da ba a iya ganinta daga ƙauye ɗaya. Wasiƙar Jibralta ta miƙa masa ido har bakin Afirka, amma daga nan zuwa kudu ba shi da mai rubuto masa wanda ya amince da shi.

Amsa ta zo bayan ransa. A 1822 aka harbi wani babban farin tsuntsu dangin shamuwa a arewacin Jamus da mashin Afirka soke a wuyansa. A 1899 wani malamin makaranta a Denmak, Hans Christian Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa, sa'annan a watan Disamba na 1912 aka kama wata tsattsewa a Natal ta Afirka ta Kudu ɗauke da zoben da aka sa mata a Staffordshire ta Ingila a 1911. Yanzu an san cewa tsuntsayen da White ya sa aka tona kurmi ana nema suna ƙetare Sahara ne. Mai haƙa ramin yashi a yankin Sahel take cin hunturunta, kuma dausayin Haɗeja da Nguru da gaɓar tafkin Chadi suna cikin wuraren da baƙin tsuntsayen Turai ke sauka duk shekara.

Akwai waɗanda wannan zumunci ya tsaya a kan wahalarsu amma sunansu bai cika fitowa ba. Manoma ne suka kawo sheƙar ɓera, yara ne ke hawa itace, masu gadin daji da makiyaya ne ke ba da labarin abin da suka gani da asuba, Thomas Hoar mai aikin lambun White kuma yana cikin masu taya shi lura da auna ruwan sama. A wasiƙun sukan bayyana a matsayin wani maƙwabci ko wani mutum mai hankali. Mata kuwa ƙofar a rufe take gare su, tunda Royal Society ba ta karɓi mace ba sai 1945. Duniyar wasiƙar ta rage tazara tsakanin na'ibi da ɗan babban gida, amma wanda bai iya Latin ba, ko ba shi da kuɗin takarda, daga bakin ƙofa yake miƙo nasa.

Daga wasiƙa zuwa littafi

White ya daɗe yana jan ƙafa. A 1776 ya ɗauko mai zane Samuel Hieronymus Grimm, ɗan ƙasar Suwizalan, ya zana masa wuraren ƙauyen, amma sai da aka ƙara shekara 12 kafin aikin ya fito, saboda ya nace sai ya haɗa da tarihin tsohon gidan ibadar Selborne, inda wani limamin, Richard Chandler na kwalejin Magdalen, ya taya shi tono tsofaffin takardu. A tsakanin nan wasiƙun suka ci gaba da faɗaɗa. A watan Mayu na 1777 ya rubuta cewa tana, duk da ƙanƙantarta da rainin da ake mata, in aka rasa ta za a bar babban giɓi a tsarin halitta, domin ita ke huda ƙasa ta sassauta ta don ruwa da saiwa su shiga. Ya kuma bayyana hazon da ya rufe sama daga 23 ga Yuni zuwa 20 ga Yuli na 1783, lokacin da rana tsaka ta dusashe tana zubo haske mai launin tsatsa, ba tare da ya san cewa aman wutar dutsen Laki na Aisland ne sanadi ba.

Littafin, The Natural History and Antiquities of Selborne, ya fito daga shagon Benjamin a ƙarshen 1788 da shekarar 1789 a bangonsa, da wasiƙu 44 zuwa ga Pennant da 66 zuwa ga Barrington. Mai karatu ya kamata ya san cewa ba kwafin abin da ya bi ta gidan waya ba ne kalma da kalma. Wasiƙu 9 na farko ba a taɓa aika su ba, White ya rubuta su ne daga baya don su gabatar da ƙauyen, da ƙasarsa da itatuwansa da mutanensa. Ya yanke gaishe-gaishe da maganganun gida, ya gyara wasu wurare, kuma bai saka amsar Pennant ko ta Barrington ko ɗaya ba, don haka murya guda ake ji, sai dai a tsinci tambayar ɗaya ɓangaren daga yadda aka amsa ta. Duk da haka ya zaɓi ya bar siffar wasiƙa, kuma zaɓin ya yi kyau, domin wasiƙa mai kwanan wata tana ba marubuci damar ya ce bara na zaci kaza, bana na ga ba haka ba ne. An sake buga littafin kusan sau 300. Charles Darwin ya ce karanta shi yana yaro ne ya sa ya fara lura da ɗabi'un tsuntsaye, shi ne kuma ya fitar da cikakken littafi kan aikin tana a 1881.

Bugun littafin ya jawo wa White sabon abokin rubutu. A 1790 Robert Marsham, wani dattijo mai gona a Stratton Strawless ta lardin Norfolk, wanda ya haura shekara 80, ya karanta shi ya rubuto masa. Marsham yana rubuta ranakun da itatuwa ke fara toho da ranar zuwan tsattsewa tun 1736. Ba su taɓa haɗuwa ba, amma sun yi ta musayar bayani kan girman itatuwa da zuwan tsuntsaye har watan Yuni na 1793, watan da White ya rasu a ranar 26 gare shi. Zuriyar Marsham ta ci gaba da cika rajistar har 1958, kuma masu binciken sauyin yanayi suna amfani da ita wajen gwada yadda lokacin toho da zuwan tsuntsaye ya matsa a Ingila cikin fiye da shekara 200.